Fina-finan Gaskiya da Ya Kamata Ɗalibin Hausa Ya Kalla

Duk ƙarshen zangon karatu, idan an rufe littattafai ana shirin tafiya hutu, ba na rasa ɗalibi ɗaya ko biyu da za su tsaya a bakin ƙofa su ce, "Malam, wane fim za mu kalla don kada Hausarmu ta yi tsatsa?" Amsar da suka saba ji daga abokansu ita ce fina-finan Kano, waɗanda ake kira Kannywood. Ba ni da ja a kan haka, domin ni ma nakan kalle su, kuma na san ɗaliban da suka tsinci karin magana da salon zolaya masu yawa a cikinsu. Sai dai Hausar da ke cikin irin waɗannan fina-finai galibi ta birnin Kano ce, an tsara ta tun kafin a faɗe ta, kowane ɗan wasa yana jiran ɗan'uwansa ya kai aya sa'an nan ya karɓa. Wanda ya saba da ita kaɗai, ranar da ya zauna a rumfar kasuwa inda mutum uku ke magana lokaci guda, ko gaban wata tsohuwa da ke haɗiye rabin kalmominta, zai ga kamar bai taɓa shiga aji ba.

Saboda haka shawarata ga ɗalibai ita ce su haɗa da fina-finan gaskiya, wato waɗanda ake kira dokumentari, inda mai ɗaukar hoto ke bin mutane cikin rayuwarsu ta yau da kullum. Amma akwai gargaɗin da ya wajaba in fara da shi, domin sunan "gaskiya" yana da ruɗi.

Mu Hausawa da irin wannan fim muka fara sanin sinima. A zamanin mulkin mallaka akwai motar da ke zagayawa gari gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan sallar isha'i, a nuna wa jama'a yadda ake kashe ɓeraye, ko noman auduga, ko biyan haraji, wani mai lasifika yana fassarawa. Wannan shi ne majigi, kalmar da ta samo asali daga sunan Turanci na wata tsohuwar fitilar nuna hotuna. Mahaifina yakan ce su yara ba abin da ake koyarwa ke kai su ba, hasken ne da hayaniya. Waɗannan fina-finai kuwa duk da sunan nuna gaskiya aka yi su, alhali gwamnati ce ta zaɓi abin da za a gani. Misali mafi shahara daga Nijeriya shi ne Daybreak in Udi na 1949, wanda aka ɗauka a ƙasar Ibo, kan yadda mutanen wani ƙauye suka gina ɗakin haihuwa da taimakon Baturen mulki. Ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin gaskiya a 1950, ga shi kuwa rubuta labarin aka yi, aka raba wa mutane rawar da za su taka. Duk fim ɗin da zan ambata a nan, ɗalibi ya riƙa tambayar kansa wa ke riƙe da kyamara, wa ya biya kuɗin aikin, kuma wa aka nufa ya kalla.

Da za a ce in zaɓi mutum ɗaya tak, da Sani Magori zan zaɓa. Ɗan garin Galmi ne a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, kuma aikin gona ya fara karantawa kafin ya koma ga fim. Galmi ta yi suna a Afirka ta Yamma saboda jar albasarta, wadda ake lodawa a manyan motoci zuwa Gana da Kwaddibuwa da Binin. Fim ɗinsa na 2008, Pour le meilleur et pour l'oignon, a kan wannan albasa yake, amma ta wata ƙofa da ba a zata ba. Wani manomi ne ke da 'ya da aka yi wa baiko, biki kuma sai ɗagawa ake yi, domin kayan ɗaki da hidimar aure duk suna rataye a kan abin da gona za ta bayar da farashin da 'yan kasuwa za su yanka. Mai kallo yana ganin dashe da ban-ruwa da cira da ciniki, yana kuma ganin yarinya tana jira. Ban san wani littafin karatu da ya bayyana dangantakar aure da tattalin arziki a karkarar Hausa kamar yadda wannan fim na ƙasa da awa ɗaya ya yi ba. Kuma da yake Magori ɗan gida ne, mutane ba sa gyara zama don shi. Suna faɗa, suna tsegumi, suna lissafin bashi a gabansa.

Fim ɗinsa na biyu, Koukan Kourcia, wato Kukan Kurciya, na 2010, shi ne wanda nake so kowane ɗalibi ya gani, musamman 'ya'yan zango. A shekarun baya akwai wata zabiya mai suna Hussey, wadda waƙoƙinta ke zuga samarin yankin su tashi su tafi neman arziki a bakin teku, har wanda ya zauna gida ya ji kunyar zamansa. Mahaifin Magori yana cikin waɗanda suka tafi Abijan, shekaru suka yi ta wucewa bai dawo ba. Sai ɗan ya je ya sami wannan zabiya, ta riga ta tsufa, ya roƙe ta ta bi shi har Abijan ta yi wata sabuwar waƙa, wadda za ta kira mazan da muryarta ta kora su koma gida. Ba zan faɗi yadda tafiyar ta ƙare ba. Abin da zan ce shi ne, duk bayanin da muke yi a aji kan matsayin maroƙa da zabiyoyi, da yadda kirari ke iya sa mutum ya yi abin da bai yi niyya ba, a nan ɗalibi zai gan shi da idonsa: tsohuwa ɗaya, da murya kawai, tana tsaye gaban dattawan da suka bar mata da 'ya'ya, kuma kowa a wurin ya san ita ma tana da hannu a cikin lamarin. Na taɓa nuna shi a aji, wata ɗaliba 'yar zangon Kumasi ta ce mini kakanta ta wannan hanya ya zo, kuma har ya rasu yana cewa baɗi zai koma. Tun daga ranar ta daina jin nauyin Hausarta ta Gana a gaban 'yan aji, har ta fara yi mana bayanin inda ta bambanta da ta littafi.

Ɗalibi ya shirya kunnensa kafin ya shiga waɗannan fina-finai biyu, domin Hausar yamma ce, 'yar'uwar Sakkwatanci. Inda littafinku ya ce tafi, can tahi ake cewa; inda ya ce yana zuwa, za a ji shina zuwa; fara takan koma hwara, zabiya kuma zabaya. Ga kuma kalmomin aro daga Faransanci da Hausar Nijar ta ɗauka, irin su lakwal a maimakon makarantar boko. Kwana biyun farko abin zai yi wuya. Amma wanda ya ce ya iya Hausa alhali Kananci kaɗai yake ji, ya sani cewa miliyoyin masu harshen sun fi ƙarfin kunnensa.

Wannan hanya ta cin rani daga Nijar zuwa bakin teku ta daɗe da shiga fim. Jean Rouch, Bafaranshen da ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanya, ya riƙa komowa yana ɗaukar fina-finai a can har ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, shi ya fara bin ta da kyamara. A fim ɗinsa Jaguar, wanda aka ɗauka a tsakiyar shekarun 1950 amma bai fito ba sai 1967, samari uku ne, makiyayi da masunci da wani ɗan gaye mai ɗan ilmin boko, suka taso daga Ayoru suka gangara Gwalkwas, wato Gana ta yau. Sun yi aikin ƙarfi a Accra, wadda Hausawa ke kira Ankara, suka kafa tebur a kasuwar Kumasi, sa'an nan suka koma gida da tsaraba da labarai. Na'urar Rouch ba ta ɗaukar murya tare da hoto, don haka daga baya ne ya zaunar da biyu daga cikinsu, Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia, suna kallon hotunan suna sharhi da raha yadda suka ga dama. Da Faransanci suke magana, saboda haka ɗalibi ba zai ƙaru da Hausa a nan ba. Abin da zai samu shi ne ganin kasuwa da tasha da masaukin baƙi na zamanin da zangunan Gana ke cika da mutanen arewa, kuma idan ya kalle shi dab da Kukan Kurciya zai ga farkon labari da ƙarshensa: a ɗaya samari na tafiya suna dariya, a ɗaya ɗa ya biyo sawun uba.

Akwai wani fim na Rouch da nakan yi jinkiri kafin in ambata, Les Maîtres fous na 1955. Kimanin rabin awa ne, an ɗauke shi a bayan garin Accra, a wurin taron shekara na wasu 'yan ci-rani Zabarmawa da Sanwai masu bin wani reshe na bori da ya ɓulla a Nijar a shekarun 1920. Sunan abin Hauka, kalmar da ba sai na fassara muku ba. Iskokin da ke hawansu kuwa na Turawan mulki ne: Gwamna, da Janar, da direban jirgin ƙasa, da matar likita. Ana ganin kumfa a baki, ana ganin an yanka kare an ci. Da aka fara nuna shi a Faris, malamin Rouch kansa, Marcel Griaule, ya ce a lalata shi. Ɗaliban Afirka da ke wurin suka ce cin mutunci ne. Hukumar Ingila kuma ta hana nuna shi a Gwalkwas, ganin cewa da ita ake ba'a. Daga baya ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venis a 1957. A 1965 Ousmane Sembène, babban mai shirya fim na Senegal, ya gaya wa Rouch ido da ido cewa shi da ire-irensa suna kallon 'yan Afirka ne kamar yadda ake nazarin ƙwari. Ni ina ganin Sembène yana da gaskiya a kan wannan fim, domin muryar Rouch ce kaɗai ke bayani tun daga farko har ƙarshe, mutanen da ake nunawa ba a ba su bakin magana ba. Duk da haka ina so a kalle shi, amma a kalle shi bayan Magori, lokacin da ɗalibi ya riga ya san yadda fim ke kasancewa idan ɗan gida ne ya yi shi. A yi wa Rouch adalci kuma: Oumarou Ganda, ɗan dakon tashar jiragen ruwa ta Abijan da ya fito a fim ɗinsa Moi, un Noir na 1958, ya zama mai shirya fim na kansa, kuma shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972.

Daga Galmi sai Damagaram. Aïcha Macky haifaffiyar can ce, ta karanta ilmin zamantakewa, kuma fina-finanta biyu sun taɓa abubuwan da mu Hausawa muka fi son a yi shiru a kansu. Na farko, L'Arbre sans fruit na 2016, wato bishiyar da ba ta 'ya'ya, labarin kanta ne: matar aure da ba ta haihu ba, wadda mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwa, tana zagayawa tana sauraron mata irinta. Duk wanda ya san nauyin kalmar juya a bakin dangin miji zai gane ƙarfin halin da ake bukata kafin mace ta tsaya gaban kyamara da wannan magana. Fim ɗin ya kuma tabo abin da ba a cika faɗa ba, cewa sau da yawa ba a ko tambayar lafiyar mijin. Ya ci kyautar fim ɗin gaskiya a gasar AMAA ta wannan shekara.

Na biyu, Zinder na 2021, ya fi tsanani. Ta shiga unguwar Kara-Kara, inda a da ake ware kutare, ta zauna da samarin ƙungiyoyin daba da ake kira palais. Wasu na ɗaga ƙarfe suna fasa dutse, wasu na fasa-ƙwaurin man fetur daga iyakar Nijeriya, wata ƙungiya ma ta laƙaba wa kanta sunan Hitler ba tare da sanin ko wane ne shi ba, sun dai ji an ce jarumi ne. Akwai wani tsohon shugaban daba da ya tuba ya koma kabu-kabu, yana ba da labarin abin da ya aikata da bakinsa, Macky kuma ba ta sassauta masa tambaya ba. Hausar da ke cikin wannan fim ta titi ce, mai sauri, cike da sara. Ba na ba ɗan aji ɗaya shawarar ya fara da shi. Amma ɗalibin da ya yi shekara biyu ko uku, wanda ya gaji da hirar "Ina kwana? Lafiya lau," a nan zai ji yadda matashin da bai taɓa shiga lakwal ba yake bayyana fushinsa da burinsa, da fasahar da za ta ba shi mamaki.

A ɓangaren Nijeriya, akwai manyan shirye-shiryen tarihi guda biyu da ake yawan ambata, kuma sun cancanta, ko da yake da Turanci suke. Africa na Basil Davidson, kashi 8, ya fito a 1984, kuma a kashi na 4 ya shiga Kano ta zamanin Sarki Ado Bayero don nuna yadda sarauta da birni suka ginu a Afirka. The Africans na Ali Mazrui, kashi 9, na 1986, ya kafa hujjarsa a kan gado uku: na gargajiya, da na Musulunci, da na Turai, ra'ayin da ya dace da ƙasar Hausa ƙwarai. A kalle su don shimfiɗa, a wuce.

Wanda na fi so a tsaya a kansa ƙarami ne, bai yi suna kamarsu ba. Duniya Juyi Juyi na 2011 wasu almajirai 9 ne suka yi shi a Kano, tare da wata mai bincike Bajamushiya, Hannah Hoechner. Su suka tsara labarin, su suka fito a ciki, su suka riƙe kyamara. In an bi ƙa'ida wasan kwaikwayo ne, kuma wani zai ce me ya kawo shi cikin wannan jeri bayan na soki Daybreak in Udi da laifin tsara labari. Bambancin shi ne a Udi baƙo ne ya rubuta wa mutane abin da za su faɗa game da kansu, a nan kuwa yaran da kowa ke magana a kansu, a jarida da rediyo da taron ƙara wa juna sani, su ne suka zaɓi abin da za a gani: aikatau a gidajen masu hali, da wulaƙancin da suke sha, da dalilin da ya sa duk da haka suke ganin karatunsu da daraja. Ba dole ne mai kallo ya yarda da su ba. Ni kaina ina da ra'ayi mai zafi a kan tura ƙananan yara bara. Amma kafin ɗalibi ya rubuta maƙala a kan almajirci, ya kamata a ce ya taɓa jin almajiri ya yi magana ta minti biyar ba a katse shi ba.

Saura fina-finan bincike na 'yan jarida, inda gardama ta fi yawa. Sweet Sweet Codeine na sashen Africa Eye na BBC ya fito a ƙarshen Afrilun 2018, ya nuna yadda maganin tari mai kodin ke fita ta bayan fage zuwa hannun matasa, har da wani gidan gyaran hali a Kano inda aka ɗaure wasu da mari. Ba a yi kwana biyu ba gwamnatin tarayya ta sanar da hana yin irin wannan magani da shigo da shi. A Yulin 2022 kuma aka fitar da The Bandit Warlords of Zamfara, inda Yusuf Anka, ɗan jihar, ya shiga daji ya yi hira da shugabannin 'yan bindiga, ya kuma zauna da waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa da iyayen 'yan matan Jangebe da aka sace a 2021. Gwamnati ta ce an ɗaukaka 'yan ta'adda. A watan Agusta na shekarar hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar naira miliyan 5 a kan kowane ɗaya daga cikin kamfanonin da suka watsa shi, haka ma gidan Trust TV saboda wani fim nasa a kan batun.

Ban raina wannan ƙorafi ba. Mutumin da ya kashe rayuka, a ba shi dama ya zauna ya yi bayani cikin natsuwa kamar wani dattijon arziki, abu ne mai ciwo ga wanda aka kashe wa ɗa, kuma akwai yaron da zai kalla ya ga bindiga ce ta kai mutum talabijin. Amma na kalli fim ɗin fiye da sau ɗaya, ban fito ina ganin girman kowa ba. Abin da ya zauna mini shi ne kukan wani uba, da yadda kowane ɓangare, Hausawa manoma da Fulani makiyaya, ke lissafa gawarwakinsa ya tsallake na ɗan'uwansa. Ɗalibin da ke zaune a Landan ko Jidda ko Njamena, wanda abin da ya sani game da Zamfara bai wuce adadin mamata a kanun labarai ba, gara ya ji waɗannan muryoyi. Sai dai ya sani akwai hotuna masu tayar da hankali, kuma ba fim ne da za a kalla da yara ba.

Game da yadda za a yi kallon, ga abin da nake sa ɗalibaina su yi. Karon farko a kalla da fassarar da ke ƙasan allo, don a san inda labari ya dosa. Karo na biyu a rufe ƙasan allon da takarda. Sa'an nan a zaɓi wuri ɗaya da bai wuce minti 3 ba, a rubuta duk abin da aka ji kalma bayan kalma, a kwatanta da fassarar. A nan ne ɗalibi zai gano yawan abin da fassara ke zubarwa. Gaisuwar da ta ɗauki rabin minti, an tambayi gida da gajiya da sanyi da 'ya'ya, sai ta koma kalma ɗaya a rubuce. Inda mace ta kauce wa faɗar sunan mijinta ta ce maigida ko malam, fassara takan sa sunan ƙuru-ƙuru. Inda dattijo ya ce "to, Allah ya kyauta" don ya rufe zancen da ba ya so, sai a fassara shi kamar addu'a ce kawai. Wanda ya sami wurin da ya gagare shi bayan ya saurara sau biyar, ya rubuta mintin da daƙiƙar, ya kawo aji ranar da aka dawo hutu, mu saurara tare.